Kamfanin da ya buga min littafi: aikinsu ba laifi, amma takardar yarjejeniyar sai an zauna a kanta

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Tunda littafina ya fito a takarda ake ta tambayata yaya aikin kamfanin yake, nawa suke ba marubuci, wai ko na sayar musu da labarin ne gaba ɗaya, to bari in zauna in amsa a wuri guda. Ƙaramin kamfani ne a nan Kano, ba irin manyan nan masu buga littattafan makaranta ba, kuma ba zan kama sunansu a nan ba saboda a maganar tawa akwai yabo akwai ƙorafi kuma har gobe muna tare, wanda littafin ke hannunsa ai ya ga tambarinsu a bango. A taƙaice dai hannunsu yana da kyau sosai wajen aiki, takardar yarjejeniyar da suka fara miƙo min kuwa ba zan ce wa kowa ya sa mata hannu a yadda take ba, sannan lissafin ciniki shi ne inda suka fi rauni.

Bari in fara da aikin. Mu da muka taso a rubutun waya kun san yadda muke, babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, kalmomi a manne, "nace" "dashi" "zanje" duk a haɗe, alamar tambaya ma sai mun ga dama. Editansu wani malami ne dattijo mai haƙuri, ya bi rubutun nan layi layi da jan biro a kan takardar da suka fitar daga kwamfuta, ya raba abin da ya kamata a raba, ya mayar da kowace ƙugiya wurinta, har ya gano inda na kira wata yarinya da suna ɗaya a babi na uku na kuma kira ta da wani daban can gaba, abin da duk masu karatuna na waya babu wadda ta taɓa lura. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya canza magana sai ya tambaya. Akwai kakar yarinyar a labarin, Basakkwaciya ce, da Sakkwatanci nake sa ta magana, "mi ya hwaru ɗiyata" da irinsu, sai ya ja layi a ƙasa ya rubuta a gefe wai ko a mayar da shi daidaitacciyar Hausa, na ce Malam a bar tsohuwar nan da bakinta don in aka gyara ta ba ita ba ce kuma, ya yi dariya ya ce Malama labarinki ne, an bari. Wallahi wannan kaɗai ya sa na ji sun shiga raina.

Bugun ma ya yi. Farar takarda ce mai giram 70 ba jar nan mai saurin yagewa da muka saba gani a littattafan kasuwa ba, an ɗinke shi kafin a sa gam saboda haka ko ka buɗe shi sosai shafi ba ya zarewa, bango an sa masa leda. Hoton bangon kuma mai zane suka biya ya zana, ba hoton wata 'yar fim suka ɗauko a intanet suka liƙa ba, wanda shi ma shiga haƙƙin wani ne ko da mun mayar da shi ba komai ba. Sun yi jinkiri kam, lokacin da suka ɗibar min ya wuce sosai, amma ban ga laifinsu can can ba, takarda daga waje ake shigo da ita tunda masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa wadatar da ƙasar, kuma tun da gwamnati ta saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023 farashin takarda bai ƙara zama wuri ɗaya ba, ga wuta, ga man janareta. Abin da zan ce kawai su riƙa kiran mutum suna faɗa masa halin da ake ciki ba sai shi ya yi ta bin su ba.

To yanzu ga inda nake so kowa ya buɗe kunne, yarjejeniya.

Shafi huɗu ce kuma da Turanci zalla, wanda tun daga nan na fara jin wani iri, littafi na Hausa, marubuciya Bahaushiya, mai kamfani Bahaushe, masu karatu Hausawa, amma takardar da za ta yanke makomar littafin ba a rubuta ta da harshen da dukkanmu muke mafarki da shi ba. Nawa ne a cikinmu za su iya warware Turancin lauyoyi? Na ce su ba ni in je gida da ita, ba su hana ba, na kai wa wani abokin yayana barista ne ya karanta min sakin layi bayan sakin layi yana fassarawa. Sakin layi na biyu cewa ya yi na mallaka wa kamfani dukkan haƙƙin mallakar littafin, a duk faɗin duniya, a kowane harshe, ta kowace siga da aka sani yanzu da wadda za a ƙirƙiro nan gaba, har tsawon lokacin da doka ta ba haƙƙin. Barista ya ajiye takardar ya ce min ƙanwata kin san tsawon lokacin nan kuwa? A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda ake kira ta 2022 da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988, haƙƙin rubutu yana nan duk tsawon rayuwar marubuci, sannan a ƙara shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Ku ɗauki misalin marigayi Abubakar Imam da ya rasu a 1981, in da wannan lissafin za a bi sai ƙarshen 2051 kenan. Wato abin da ake so in sa wa hannu ba nawa ba ne ni kaɗai, gadon 'ya'yana ne har da jikoki.

Abin da da yawanmu ba mu rarrabewa shi ne akwai sayar da haƙƙi akwai ba da lasisi, kamar dai bambancin sayar da gida da ba da shi haya. In ka sayar ya tafi, ko kai da ka rubuta sai ka nemi izini kafin ka sake bugawa. In lasisi ne kai ne mai abu, ka ba su damar yin wani aiki takamaimai na wani lokaci a wani yanki, kuma dokar da kanta ta yarda a taƙaita shi haka, a ce bugu kawai, ko shekara kaza kawai, ko ƙasa kaza kawai. Ta kuma ce sayar da haƙƙi ko ba da lasisin da ya keɓanta ga mutum ɗaya ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan yana da kyau ku riƙe shi saboda masu zuwa su ce "ai mun yi magana a waya ta bar min labarin".

Na koma ofishinsu da gyare-gyaren barista a rubuce. Manajan ya fara da cewa Hajiya ai haka kowa yake sa hannu ba a taɓa samun matsala ba, na ce Alhaji na yarda da kai amma takarda ba don ni da kai ake yin ta ba, don ranar da ba ma nan ne, kamfani yana iya komawa hannun wani, ni ma magada ne za su zo. Gaskiya mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba bai nuna min ƙofa ba, ya zauna ya faɗi nasa tsoron kuma tsoron nasa gaskiya ne. Ya ce su ne za su zuba kuɗin edita da mai zane da takarda da tawada, sun sha ganin marubuci ya karɓi gyararren rubutu ya kai wata maɗaba'a mai araha ya buga nasa a gefe, ko ya saki fayil ɗin a guruf na WhatsApp kan ɗari biyar alhali kwafi na jibge a sito ba a sayar ba. Ban musa masa ba don na san ana yi. Marubuta mu ma sai mun gyara, ba kullum kamfani ne mai laifi ba.

Inda muka tsaya shi ne na ba su lasisin bugawa a takarda da Hausa su kaɗai na shekara 5, a Najeriya da Nijar tunda ana kai littattafanmu Maraɗi da Damagaram, in wa'adin ya cika sai mun sake sabuwar takarda ba wai ta sabunta kanta ba. Ni kuma na ɗauki alkawari a rubuce ba zan sayar da gyararren rubutun a waya ko a wata manhaja ba sai bayan shekara guda da fitowar littafin. Fim, karantawa a rediyo ko a YouTube, fassara zuwa wani harshe, duk suna hannuna. Kada ku raina waɗannan don Allah, yanzu kuɗin labari ya fi yawa a can fiye da takarda, finafinai masu dogon zango da ake yi a Kannywood labari suke nema ido rufe, tashoshin da ke karanta littattafai a YouTube kuma talla suke ci da muryar da ke karanta guminki. In kin sa hannu a kan "kowace siga" to ranar da furodusa ya zo da kamfani zai zauna ba da ke ba, ke sai dai ki gani a talabijin.

Sai maganar kaso. Takardar farko cewa ta yi za a ba ni kashi 10 cikin 100 na riba. Kalmar riba ɗin nan ita ce ramin. Bari in yi muku lissafi da misali, a ce littafi naira 3,000 ne a bango, kashi 10 na farashin bango naira 300 kenan a kowane kwafi, kowa zai iya lissafawa da kansa. In kuma aka ce kashi 10 na abin da ya shigo hannun kamfani, to an ba ɗan kasuwa ragin kashi 30 saura 2,100, naki ya koma 210. In aka ce na riba kuwa sai an cire kuɗin takarda da bugu da mota da talla da duk abin da suka ga damar kira kashe kuɗi, kuma su ne masu riƙe da littafin lissafin, ana iya wayar gari a ce miki ba a ci riba ba bana kuma ba ki da bakin musu. Mun mayar da shi kashi 10 na farashin bango, ana biya sau biyu a shekara, da kwafi 20 kyauta nawa na rabawa 'yan uwa. Ba sa ba da kuɗin kafin alƙalami, sun faɗa min tun farko kuma ban ja ba, ƙaramin kamfani ne, ni ma ban ba su ko sisi ba, wanda ya fi min waɗanda za su karɓi kuɗin bugu a hannunka sannan su ce haƙƙin ma nasu ne. Wannan kam zalunci ne tsagwaronsa, in kai ka biya kuɗin bugu to aikin maɗaba'a suka yi maka, ba su da haƙƙin komai a littafin.

Akwai ƙananan wurare da na sa aka taɓa. Sun rubuta suna da ikon taƙaita littafin ko canza masa suna ba tare da sun tambaye ni ba, aka mayar da shi sai da amincewata a rubuce, dama kuma doka ta ba marubuci haƙƙin a ambaci sunansa da haƙƙin ƙin yarda a lalata masa aiki ta yadda zai zubar masa da mutunci, kuma wannan ba ya komawa hannun wani muddin yana raye. Sun ce littattafaina biyu masu zuwa dole su zan ba, muka mayar da shi zan fara nuna musu na gaba, in kwana 60 suka wuce ba su ce komai ba in kai inda nake so. Muka ƙara cewa in littafin ya ƙare a kasuwa suka yi wata 6 ba su sake bugawa ba, ko kamfanin ya rufe, haƙƙin ya dawo min kai tsaye. Wannan na ƙarshen na nace a kansa ne saboda duk mun ga yadda manhajar OkadaBooks da marubutan Hausa da yawa ke sayar da littafi a kai ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, kasuwanci ne yana iya tsayawa kowane lokaci ba tare da kowa ya yi mugunta ba, to ina littafinka zai kwana ranar? Sannan aka rubuta adadin bugun farko, kwafi 1,000, da cewa ina da damar ganin rasit ɗin maɗaba'a. Iyayenmu marubutan da suka yi zamanin kai littafi shagunan Bata da kasuwar Sabon Gari a nan Kano tun daga shekarun 1980 sun sha ba mu labarin yadda ake ba ɗan kasuwa littafi bashi sai ya sayar ya biya, wasu ma su sayar da rubutun ɗungurungum kan kuɗi kaɗan a yi ta sake bugawa ba su san adadi ba, duk a kan amana babu takarda. Bai kamata mu maimaita ba.

Wani sakin layi da ban taɓa ba kuma nake ganin daidai ne, shi ne inda na tabbatar cewa labarin nawa ne ban kwafo na kowa ba, in rigima ta taso a kan haka ni zan ɗauka. Masu ɗauko fim ɗin Indiya ko na Turkiyya ko littafin Turanci su juye shi Hausa su canza sunaye, ku sani fassara da juya labari haƙƙin mai shi ne, in kun sa hannu a irin wannan layin kun ɗaura wa kanku igiya. Jigo kam ba na kowa ba ne, kishiya da auren dole da gado kowa na iya rubutawa, doka ba ta kare ra'ayi, yadda ka zuba shi a rubuce take karewa.

Lambar ISBN su suka nemo daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, su kuma suka kai kwafi 3 da doka ta ce mai bugawa ya ajiye a can, sun nuna min shaida. Amma ku daina ɗauka ISBN ita ce haƙƙin mallaka, lamba ce kawai ta gane littafi da wanda ya buga shi. Haƙƙi yana samuwa ne tun ranar da ka rubuta abinka ko ba ka yi rajista ko'ina ba. Duk da haka na yi rajistar littafin da sunana a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ta intanet ake yi kuma ba dole ba ne, amfaninta ranar musu kana da takardar nunawa. Kamfanin bai ce uffan ba, kuma a shafin farko na ciki sunana ne a gaban alamar haƙƙin mallaka ba nasu ba. Duk wanda zai buga littafi ya duba wannan shafin da idonsa kafin a kai maɗaba'a.

Yanzu ƙorafina na gaske. Lokacin biyan farko ya zo ya wuce shiru sai da na yi magana, da suka tashi kuma saƙo ne guda a waya, an sayar da kaza ga kuɗinki, sai alat. Kuɗin ya yi daidai da adadin da suka faɗa ban ce an ci min ko kwabo ba, amma ba haka ake lissafi ba. Ina so in ga nawa aka kai kowane shago, nawa aka biya, nawa ke bashi, nawa suka lalace, nawa suka rage a sito, a takarda mai kwanan wata da sa hannu. Da na tambaya sai aka ce 'yan kasuwa ba su gama kawo kuɗi ba, to ai wannan ma sai a rubuta. Na lura ba mugunta ba ce, rashin tsari ne, mutum ɗaya ne ke karɓar oda shi ke kai kaya shi ke rubuta lissafi a wani littafi mai bangon kwali da ke kan teburinsa, amma rashin tsari in ya daɗe zargi yake haifarwa ko tsakanin mutanen kirki. Rarrabawar ma ba ta yi nisa ba, Kano da Zariya da Kaduna ana samu, masu karatuna na Sakkwato da Maiduguri kuwa sai dai in saya da kuɗina in kai tasha a ba direba.

Na biyu shi ne satar fasaha. Littafin bai daɗe da fita ba wata ta ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya ta haɗa ta zuba a guruf, wani kuma ya fara karantawa a tasharsa ta YouTube ko sallama babu. Na kira kamfani suka ce Allah ya isa kawai za a yi. Raina ya ɓaci sosai ranar, don kwafinsu ne zai kwanta ba nawa kaɗai ba. Sabuwar dokar ta ba mai haƙƙi damar rubuta wa masu shafin intanet takardar neman a sauke abin da aka sata, YouTube ma suna da fom na musamman na wannan, ni na zauna na cike da kaina da takardar rajistata aka sauke karatun. Na guruf ɗin kam ya riga ya bazu. In abu ya kai ga shari'a Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙarar haƙƙin mallaka, kuma yarjejeniyarmu ba ta faɗi wa zai bi ɓarawo ba, wa zai biya lauya, in an ci tara yaya za a raba. Ku sa wannan a taku tun farko.

To wa zan ce ya je wurinsu? Wanda yake son littafinsa ya fito da tsabta, Hausa a gyare, bango mai mutunci, kuma ba shi da kuɗin bugawa da kansa, ya je, zai ji daɗin editansu ƙwarai. Amma ya karɓi takardar ya tafi da ita gida, ya sami lauya ko wani tsohon hannu a Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya reshen jiharsa ya duba masa, kuma ya nemi gyara ba tare da jin kunya ba don na gwada sun saurara. Wanda kuma yake da masu karatu da yawa a waya kuma yana iya tallan abinsa, wataƙila ya fi masa ya biya edita da maɗaba'a da kansa ya riƙe komai, sai dai ya shirya ɗaukar kwali yana bin shaguna yana bin bashi.

Littafina na biyu na kusa kammalawa kuma su zan fara nuna wa kamar yadda muka rubuta. Na riga na gaya wa manajan sharuɗɗana guda uku, a rubuta yarjejeniyar da Hausa a gefen ta Turancin mu sa hannu a duka biyun, a sa ranar da rahoton ciniki zai riƙa zuwa a rubuce da abin da zai biyo baya in an saɓa, sannan a fayyace wanda zai bi masu satar littafin. Ya ce zai zauna da lauyansu ya kira ni bayan sallah.